Bakanon da Na Koya wa Kurket Don Ya Tsokane Ni

A ɗakin gwaje-gwajen asibitin da na yi aiki, mu huɗu ne muka san wasan kurket: wani Ba'indiye, wani ɗan Pakistan, wata mata 'yar Jamaika, sai ni. Duk ranar da aka lallasa Pakistan, Ba'indiyen nan zai zo da kwalin alewar garinsu, ya ajiye a gaban ɗan Pakistan ɗin cikin ladabi, ya ce ya ji abin da ya faru, Allah ya kiyaye gaba. Shi kuma ya kumbura, ya yini ba ya magana, amma ya cinye alewar. In abin ya juya, ya rama har da gyara. Matar kuwa ba ta ƙyale kowa, ita ma ba a ƙyale ta. Ni ina gefe ina liƙa wa kwalaben jini lamba, hassada tana cina.

Ba nasararsu nake wa hassada ba, tsokanar nake so. Domin ni ma ina da ƙasa, ƙasar tana da 'yan wasan kurket, kuma suna shan kashi yadda ya kamata, har ma fiye. Wata safiya na kasa daurewa, na ce musu jiya an ci Najeriya. Ba'indiyen ya tambaya ko ƙwallon ƙafa nake nufi. Da na ce kurket, sai fuskarsa ta yi laushi, ya ce abin sha'awa ne ƙwarai, ashe mu ma muna ɗan taɓawa. Ɗan Pakistan ya ce mu ci gaba da ƙoƙari, wata rana sai labari. Matar ta dafa kafaɗata. Da marina suka yi da ya fi mini sauƙi.

A Zariya na kwaso cutar, a wata tsohuwar makarantar kwana inda wani malamin lissafi ɗan Sri Lanka ya gaji filin da Turawa suka bari, ya rantse ba zai bar ciyawa ta cinye shi ba. Ga wanda bai sani ba, wasan ba wuya gare shi ba, tsawo ne kawai. Ana kafa sanduna uku a ƙasa. Mutum ɗaya ya tsaya a gabansu da wani faffaɗan katako yana tsaronsu, wani daga ɗaya ɓangaren ya sheƙo da gudu ya jefo ƙwallo mai tauri yana neman ya kayar da su. In mai katako ya doki ƙwallon ta yi nisa, sai shi da abokinsa da ke ɗaya gefen su yi ta kaiwa da komowa a guje, kowane zuwa maki ɗaya. In aka kayar da sandunan, ko aka cafe ƙwallon a sama, an fitar da shi ke nan, wani ya shigo. Haka za a yi ta yi har mutanenku su ƙare, sannan a juya. Ni can ƙarshen fili ake ajiye ni, gindin wata dalbejiya, inda ƙwallo ba ta cika zuwa ba. Amma na so wasan, irin son da ba a tambayar dalilinsa, kuma da na ƙetaro Amurka a farkon shekarun dubu biyu, shi ma ya biyo ni.

Wasanninmu babu gidan talabijin ɗin da ke ɓata wutarsa a kansu. Wani shafi ne a intanet da ke nuna lambobi da 'yan gajerun jimloli, suna canzawa a hankali. Saboda bambancin lokaci, yawanci wasan yana kamawa ne daidai asubarmu ta nan, don haka ina sallame salla zan gangara ɗakin ƙasa na gidanmu a Bowie, in zauna gaban kwamfuta ina danna maɓalli ɗaya. Ban san fuskar ko ɗaya daga cikin yaran ba, amma halinsu na san shi sarai. Za su fara da kyau har ka gyara zama, sai a fitar da ɗaya, shi ke nan sauran su biyo shi a jere kamar an ce musu ana rabon abinci a waje. Kuma su wa ke yi mana wannan aika-aika? Tsibirai. Ƙasashen da sai ka sa tabarau kafin ka gan su a taswira, waɗanda duk mutanensu ba za su cika kasuwar Sabon Gari ba. Mu da Allah ya yi wa arzikin jama'a, an rasa goma sha ɗaya da za su riƙe ƙwallo in ta faɗo musu a tafin hannu.

Matata ma'aikaciyar jinya ce. In ta ji ina faɗa da kwamfuta, sai ta sauko da abin awon jini ta ɗaura mini a dantse, ta duba, ta girgiza kai ta koma sama. A wajen 'yan'uwa kuma, in an fito daga Juma'a a garin Lanham da ke kusa da mu ana hira, da na kawo zancen sai a ce Allah ya kyauta, a koma kan ƙwallon ƙafa. Takaicin rashin nasara daban, takaicin a ci ka babu wanda ya sani daban, kuma na biyun ya fi cin rai.

Akwai wani Bakano, direban tasi a Lanham, ya ɗan girme ni. A wajen wani suna muka haɗu. Ina buɗe baki na yi sallama ya gane ni Bazazzage ne, ya ce a matsa a ba bawansa wuri can kusa da takalma. Wallahi har ƙwalla ta taru mini. A lokacin na shekara da yawa a ƙasar nan babu wanda ya zage ni. A wurin aiki duk shekara sai an tara mu an koya mana irin barkwancin da in ka yi za a sallame ka. A unguwa kowa murmushi yake maka daga nesa. Mutum yana iya tsufa a Bowie babu wanda ya taɓa gaya masa kansa ya yi girma. Sai ga wannan bawan Allah, da haƙƙinsa na abokin wasa tun kaka da kakanni, ya kama ni tun daga hula har takalmi. Ya ce motata ta girmi lasisina. Ya ce bai taɓa ganin asara irin tawa ba, in shayar da ciyawa, in sa mata taki, in ta girma in aske ta in zubar, alhali ko akuya ba ni da ita. Ni kuma in ce masa Bakano ko duniyar wata aka kai shi, kafin a dawo ɗaukarsa ya buɗe shago. In ya kwana biyu bai kira ya ci mini mutunci ba, sai in ji garin ya yi mini faɗi.

Abu ɗaya ne bakinsa bai kai ba. Ranar da wani tsibiri ya yi mana kaca-kaca na kira shi na shaida masa, na gyara kunne ina jira. Sai ya ce Allah ya kyauta, irin ta kowa da kowa. Na ce masa wannan ai cin amana ne, me aka ajiye shi yana yi?

Ya ce, "To me zan ce? Ban san inda ke maka ciwo ba."

Na ce, "Ka zo gida ranar Asabar, zan nuna maka."

Haka makarantar ta buɗe a bayan gidana. Muka kafa sandunan abin goge daɓe guda uku a cikin ciyawar da yake zagi, na ari muciyar matata ba da saninta ba, na samo ƙwallon tanis. Ga mu manyan mutane biyu cikin kaftani, ɗaya ya duƙa da muciya yana gadin sanduna, ɗaya yana tafiya baya-baya da fuska a murtuke. Maƙwabcina, wani dattijo Ba'amurke da ya yi ritaya, ya leƙo ta saman shinge, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya tsaya shiru har muka gama. Daga baya ya gaya wa matata bai so ya katse mana ibada ba.

Ranar Lahadi kuma in ɗauke shi mu je wani fili kusa da College Park inda ɗaliban jami'a 'yan Indiya da Pakistan ke buga nasu. Da ya gan su cikin fararen kaya ya tambaya ko daga nan Arfa za su wuce. Da aka tsayar da wasa aka zauna shan shayi, ya ce yanzu ya gane dalilin da ya sa Bazazzage ke son abin. Kafin mu bar filin ya raba wa rabinsu katinsa na tasi.

Na yi dariya, amma ban gamsu ba. Na ce masa wannan duk wasan yake zagi, kuma wasan ba shi da laifi. 'Yan wasana nake so ya zaga, da ilimi, ya taɓa daidai wurin. Sai na zauna ina ba shi makamai ɗaya bayan ɗaya: ga yadda muke zubar da ƙwallo, ga yadda mutum biyu ke rugawa gefe guda su tsaya suna kallon juna har a fitar da ɗaya, ga abin da ake nufi in an ce mutum ya samu agwagwa, wato an fitar da shi ko maki ɗaya bai ci ba. In ya gwada tsokana ta zo a karkace, in tsayar da shi in gyara masa, in ce ya maimaita. Wani lokaci har faɗa nake masa don ya sassauta inda bai kamata ba. Matata, da ta gano inda muciyarta take zuwa, ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin ragon da ke wasa wa mahauci wuƙa ba sai a gidanta. Duk da haka ita ke dafa mana shinkafar da muke ci bayan darasi.

Bakano dai Bakano ne, in ya ga riba a abu ba ya wasa da shi. Kafin sanyi ya zagayo ya ƙware.

Waɗannan su ne shekarun da na fi jin daɗinsu a Amurka, kuma ba kunya nake faɗa. Ana fitar da mutum na ƙarshe wayata za ta yi ƙara. Ya ce ƙasar da Allah ya hore wa agwagi haka bai kamata a ji labarin yunwa a cikinta ba. Ya gano cewa in ruwan sama ya sauko ana dakatar da wasa, wani lokaci a tashi babu wanda ya ci, sai ya ce gwarzon ɗan wasanmu hadari ne, ya kamata a ba shi kyaftin. Ya zo gidana takanas da lema a cikin takardar kyauta, wai ga kayan wasan ƙungiyata ya sayo mini. Abin da bai sani ba, sau da yawa ni ma nakan duba hasashen yanayin garin da ake wasan, in ɗaga hannu in roƙi ruwa ga ƙasar da ban san ko tana bukatarsa ba. Ranar da muka ci wata ƙasa da ta fi mu lalacewa na kira shi da ɗoki, ya saurare ni har na gama, ya ce banza ta kori wofi. A wajen wata walima ya tashi gaban jama'a ya gabatar da ni a matsayin shugaba, sakatare kuma ɗaukacin membobin ƙungiyar magoya bayan kurket ta Najeriya reshen Amurka. Mutane suka yi ta dariya ba tare da sun san me ake magana a kai ba. Ni kuwa na koma gida da ƙoshin rai. Ranar Litinin na shiga wurin aiki na kalli Ba'indiye da kwalin alewarsa, ban ji komai ba, don ni ma ina da nawa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, mai son ya yi zagi da ilimi dole ya riƙa bin karatu. Lokacin wayoyi sun fara zama kwamfuta, sai ya maƙala tasa a gaban mota, shafin lambobin nan a buɗe, yana layin jiran fasinja a filin jirgi yana kallo. In ya ɗauko Ba'indiye ya tsare shi da tambayoyi har ƙofar gida. Ya zo ya fi ni sanin dokoki. Sannu a hankali tsokanar ta fara zuwa da jela. Zai zage su tas, sannan ya ƙara da cewa amma fa alƙalin wasan nan a bincike shi. Wata rana ya ce wai ya ji yaran ko filin kirki ba su da shi, a haka ma sun yi ƙoƙari. Na ce masa ba wannan na koya masa ba, ya ce tuntuɓen harshe ne.

Sai wani direba abokin aikinsa ya ba ni labari a masallaci. Wai layi ya zo kansa a filin jirgi, ga fasinja mai tafiya mai nisa, irin wanda direba ke addu'ar samu, sai ya ɗaga wa na bayansa hannu ya ce ya wuce ya ɗauka, shi yana da uzuri. Uzurin kuwa saura maki kaɗan mu ci, kuma mutum ɗaya ya rage mana. Bakano ya bar ciniki. Na yi dariya har na riƙe ciki, na ce abin nema ya samu, na adana labarin don in jefe shi da shi. Ban gane cewa gobara ce ta kama a gidana ba.

Aka zo wata gasa da in muka ci wasan ƙarshe za mu hau mataki na gaba, mu fara karawa da ƙasashen da ake iya gani a taswira. Muka fara da kyau, kyau na ban tsoro. Har na miƙe tsaye a ɗakin ƙasa. Daga nan aka fitar da ɗaya, sauran suka bi sahu, abin da ke hannunmu ya zube a gaban idona layi bayan layi. Na zauna, ƙirjina yana zafi, amma a ƙasan zafin akwai ɗan sanyi, don na san yau akwai magana. Irin wannan faɗuwa ba kullum ake samunta ba, kuma na matsu in ji abin da zai yi da ita.

Waya ba ta yi ƙara ba. Na duba ko caji ne ya ƙare, na kira ta da wayar gida don in tabbatar tana aiki. Na hau sama na karya kumallo da ita a gefen faranti.

Da hantsi tasinsa ta tsaya a ƙofar gida. Ya fito cikin kaftani da hula, ba murmushi, ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa. Ya tuɓe takalmi, na nuna masa kujera ya ƙi, ya zauna a kan kafet ya sunkuyar da kai. Matata ta fito daga kicin, tana ganinsa a haka ta dafe ƙirji ta fara salati, tana tambayar wa ya rasu a gida. Ya ce mata babu kowa, Hajiya, yaran nan ne. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce yanzu sun zama biyu, ta koma ta ɗora ruwan shayi.

Ya ɗago ya ce, "Ya haƙuri?"

Na ɗauka sabon salo ne. Na ce a raina lallai mutumin nan ya wuce malaminsa, ya zo har gida da kayan jaje don dukan ya fi shiga. Na amsa da haƙuri sai ma'aiki, na ƙunshe dariya ina jiran saukar gatari. Gatari bai sauko ba. Da na duba da kyau sai na ga idanunsa sun yi ja.

Tsoro ya kama ni. Na fara miƙa masa ƙofofi. Na ce ya ga yadda ɗan wasan nan na tsakiyar fili ya tsaya kamar an dasa shi har ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa? Ya ce ƙasar wurin ce ba ta da kyau. Na ce to wanda ya zubar da ƙwallon da ko makaho zai cafe fa? Ya ce rana ce ta shiga idonsa. Na ce a ina ya ga ranar, mu da lambobi kawai muke gani? Ya ce ya ji a jikinsa. Raina ya ɓaci, na buɗe baki na zage su da kaina, tun daga mai jifa har mai ɗaukar musu ruwa, na ce gara a tara katakan a dafa wake da su. Duk abin da na koya masa na zazzage a gabansa ko zai tsinci ɗaya ya jefe ni da shi.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Haba Malam. 'Ya'yan mutane ne fa. Kai kana nan cikin ɗumi kana danna maɓalli, su suna can su kaɗai, ko mai tafa musu babu. In mu ba mu tsaya musu ba, wa zai tsaya?"

Tun da muka haɗu bai taɓa ce mini Malam ba. Muka sha shayin, ya ƙi taɓa biskit, wai ba ya jin cin komai.

Da ya tashi tafiya na raka shi har mota, na yi yunƙuri na ƙarshe. Na fito da labarin fasinjan filin jirgi da nake ta adanawa, na ce duk Lanham ta ji, an ce za a karɓe masa takardar zama Bakano. Na ƙara da cewa ban san ma Kanawa sun iya kuka ba, na ɗauka sai sun tambayi farashin hawaye tukuna. A da, rabin wannan ya isa ya tsaya a titi ya wanke ni da kakannina har maƙwabta su leƙo. Sai ya kama hannuna da hannayensa biyu ya riƙe.

Ya ce, "Na san zafi ne ya sa ka faɗa. Ni ma haka nake ji. In an fara gasa ta gaba zan riƙa zuwa nan bayan asuba, ba zan iya kallo ni kaɗai ba."

Kuma ya cika alkawari. Duk asubar da ake wasa yana zuwa, mu gangara ɗakin ƙasa mu zauna kafaɗa da kafaɗa, a ci mu, ya ba ni haƙuri in ba shi. Mutumin da kuka yi zaman makoki tare da safe ba ya iya ce maka kanka ya yi girma da yamma, don haka sauran tsokanar ma ta bi ta bushe. Ko aski na yi wanda bai karɓe ni ba, sai ya duba ya ce ya yi kyau. Kowa ya gan mu yakan ce aminai ne, kuma gaskiya ne, ba ni da kamarsa a ƙasar nan. Amma tun daga wannan hantsin babu wanda ya sake zagina, kuma ban taɓa jin nisan gida kamar yadda nake ji in yana zaune kusa da ni yana ba ni haƙuri ba.